Awon Ciki Daban, Gwajin Bakin Mahaifa Daban



Akwai wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin matanmu na Samaru da Sabon Gari da kewaye, wadda ya kamata a gyara. Mace takan ce: “Ai ni duk haihuwata a asibiti nake yi, kowane ciki sai na je awo, an sha duba ni. Da akwai wani abu da an gaya mini.” Wannan magana rabinta gaskiya ce. An duba ki, amma abin da aka duba shi ne lafiyar cikin: hawan jini, yawan jini, fitsari, kwanciyar yaro da bugun zuciyarsa. Ko hannun da ungozoma ke sawa lokacin naƙuda, buɗewar mahaifa take aunawa, ba wata cuta take nema ba. Gwajin sankarar bakin mahaifa aiki ne daban, kayansa daban, sakamakonsa ma daban ake rubuta shi. Mace tana iya haihuwa bakwai a asibiti ba a taɓa yi mata shi ba.

Akwai ƙa'ida a rubuce da ta faɗi wadda za a gwada, da lokacin da za a gwada ta. Amma ƙa'ida ba ta aiki da kanta, sai wani ya tuna da ita. A asibitin koyarwa, wanda ake sa ran zai tuna ɗin mafi yawanci shi ne matashin likita mai neman ƙwarewa da ke zaune a ɗakin duba marasa lafiya. A wannan fitowa za mu yi bayanin ƙa'idar, da abin da kan sa ta kuɓuce wa likita, da yadda ke da iyalinki za ku taimaka kada ta kuɓuce a kanki.

Mece ce sankarar bakin mahaifa?

Bakin mahaifa shi ne ƙofar mahaifa ta ƙasa, wadda ke buɗewa lokacin haihuwa yaro ya fito. Sankara, wadda wasu ke kira cutar daji ko kansa, takan fara ne a fatar wannan ƙofa. Kusan dukkan masu wannan cuta, wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa musu ita. Ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har ma mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa sukan kamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Garkuwar jikin yawancin mata takan kawar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu. A jikin wasu kuwa sai ta zauna, ta riƙa canza fatar bakin mahaifa sannu a hankali. HPV iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ne ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Cutar ba ta gaggawa. Daga shigar ƙwayar zuwa zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki, ko shekara 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙanjamau da ba ta shan magani. A duk tsawon waɗannan shekaru mace ba ta jin ciwo, ba ta ganin jini. Gwaji ne kawai ke nuna canjin, kuma idan an gan shi a wannan mataki, cikin 'yan mintoci ake maganinsa ba tare da an kwantar da mace ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Nijeriya, kuma wajen 8,000 suka rasu. Wani bincike da likitocin mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa a 2011 ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na sankarar al'aurar mata da aka gani a Zariya ta bakin mahaifa ce, kuma yawancin matan sun zo ne bayan cutar ta riga ta ci jiki.

Abin da ƙa'ida ta ce

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'ida. Ga taƙaitawarta:

1. Mace ta fara gwaji tana da shekara 30. An fi ba da muhimmanci ga masu shekara 30 zuwa 49.

2. Mai ɗauke da ƙanjamau ta fara tana da shekara 25, domin haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau shida.

3. Gwajin da aka fi so shi ne na neman ƙwayar HPV kanta. Idan ba a same ta ba, sai a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ƙanjamau kuwa bayan shekara 3 zuwa 5.

4. Inda babu gwajin HPV, a yi gwajin Pap ko gwajin ruwan khal, a maimaita duk shekara 3.

5. Wadda ta haura 50 ba a taɓa gwada ta ba, ita ma a gwada ta. Ana daina gwajin ne bayan shekara 50 idan sau biyu a jere sakamako ya fito lafiya.

6. Duk wadda aka ga canji a jikinta, a yi mata magani, sannan a sake gwada ta bayan wata 12.

Gwajin Pap ya samo sunansa ne daga wani likita ɗan asalin Girka mai suna George Papanicolaou, wanda ya yi aikinsa a Amurka. Ana shafo ƙwayoyin fatar bakin mahaifa, a kai ɗakin gwaje-gwaje a duba su da madubin likita. Gwajin ruwan khal kuwa, shafa ruwan ake yi a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari. Nas ko ungozoma da ta samu horo tana iya yin sa, kuma nan take ake faɗin sakamako. Gwajin HPV shi ma shafowa ake yi, kuma a wuraren da ake da shi mace tana iya shafo wa kanta a keɓe ta miƙa.

Tun a watan Nuwamba na 2020 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin cimma abu uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allurar rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 cikin 100 na mata kafin shekara 35 sannan a sake kafin 45, a kuma yi wa kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ke nan ko gwaji biyu kacal mace ta samu a rayuwarta, a lokacin da ya dace, ba ƙaramin tsari ba ne.

Wane ne likitan da ke duba ki?

Asibitin koyarwa makaranta ce, kuma masu farar riga a cikinsa hawa-hawa ne. Akwai ɗalibai da ke cikin karatunsu na shekara shida, waɗannan ba su zama likitoci ba tukuna. Akwai sabon likita mai aikin shekara ɗaya ta sanin makama, wanda ake kira haus ofisa. Shi yakan yi wata uku-uku ne a sassa huɗu: sashen mata da haihuwa, na yara, na tiyata da na magunguna. Sama da shi akwai rajistira da siniya rajistira, cikakkun likitoci ne da suka dawo neman ƙwarewa a fanni ɗaya, suna aiki suna rubuta jarrabawa har shekara biyar ko fiye. A ƙoli kuma akwai kwansoltan, malaminsu wanda nauyin kowace majiyyaciya ke wuyansa.

A ranar awo, mafi yawan mata waɗannan matasan likitoci ne ke ganinsu, tare da mu ungozomomi. Wannan ba aibi ba ne. Su ne ke kwana a ɗakin haihuwa, su ne ke tashi tiyatar tsakar dare. Sai dai yana da kyau ki san cewa ko za a ambata miki gwajin bakin mahaifa ko ba za a ambata ba, yakan rataya ne a kan 'yan mintocin da kika yi a gabansu.

Dalili kuwa shi ne, a Ingila tun 1988 hukuma ke aika wa mace takarda har gida idan lokacin gwajinta ya yi, kuma yanzu ana gayyatar masu shekara 25 zuwa 64. A nan ba mu da tsarin da ke bin kowace mace da takarda. Mace takan samu gwaji ne idan ta zo asibiti don wani dalili aka tuna mata, ko ta nema da kanta, ko aka yi gangamin gwaji a unguwarsu. Ga mace da yawa, ciki da jego su ne kaɗai lokacin da take zuwa asibiti a kai a kai. Idan wannan dama ta wuce, wata sai ranar da jini ya ɓalle.

Shin ana bin ƙa'idar?

Binciken da aka yi a arewacin Nijeriya yana nuna abu guda: ko a inda ake da ilimin ko yardar, aikin ne ke baya. A 2013 malaman lafiya na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa bincike kan matan kasuwa 260 a nan Zariya. Wajen kashi 80 cikin 100 sun nuna amincewa da gwajin, amma kashi 15 ne kawai suka taɓa yin sa. A wannan shekarar dai aka wallafa wani bincike a Sakkwato kan mata ma'aikatan asibiti. Kusan dukkansu sun san cutar sarai, amma wajen ɗaya cikin goma ce ta taɓa yin gwajin Pap. Ashe ba rashin sani ne kaɗai matsalar ba, kuma ba ƙin yarda ne daga mata ba. Tsakanin sani da aikatawa akwai rami, kuma ga abubuwan da ke faɗa matashin likita cikinsa a kowane babban asibiti:

Cunkoso. Likitan da mata da dama ke jiransa a kan benci yakan fara da abin da zai iya yin kisa yau, wato hawan jini, jijjiga da zubar jini. Cutar da za ta bayyana bayan shekara goma sai ta koma ƙarshen layi.

Sauyin wurin aiki. Likitan da ya gan ki a wata na huɗu ba lalle ne shi zai gan ki bayan haihuwa ba. Kowa sai ya ɗauka na gabansa ya yi maganar, ko na bayansa zai yi.

Bambancin ƙa'idoji. Tsofaffin littattafai sun ce a yi gwajin Pap duk shekara. A Amurka ana farawa a shekara 21, a Ingila 25, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce 30. Wanda ya yi karatu da littattafai kala-kala yana iya tura yarinya 'yar shekara 19 gwajin da ba ta buƙata, ya bar uwarta mai shekara 42 da ta fi buƙata.

Kunya. Matashin likita namiji yakan ji nauyin ɗauko wannan zance gaban matar da ta yi sa'ar mahaifiyarsa, ita ma tana jin nauyinsa. Sai kowa ya yi shiru.

Harshe. Samaru garin jami'a ne, Sabon Gari kuwa matattarar kowace ƙabila ce. Likitocin da ke neman ƙwarewa daga ko'ina a Nijeriya suke zuwa, wani bai iya Hausa ba, wata majiyyaciyar kuma ba ta jin Turanci. Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A Amurka, duk da yawan asibitocinsu, matan da asalinsu daga ƙasashen Latin Amurka ne masu magana da Sifaniyanci, irin su Meziko, sun fi fararen matan ƙasar kamuwa da wannan sankara. Daga cikin dalilan da masana suka gano akwai rashin inshorar lafiya da rashin jin harshen juna tsakanin likita da majiyyaciya. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa a takarda, amma wadda ba ta iya tambaya ba ita ake tsallakewa.

Rashin bin sawu. Wani lokaci an yi gwajin, amma sakamako na kwance a cikin fayil, mace ba ta dawo ta karɓa ba. Gwajin da ba a karɓi sakamakonsa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Gyaran waɗannan abubuwa nauyi ne a kan malaman da ke horar da likitoci da kuma mu ma'aikatan jinya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambaya ɗaya daga bakinki tana iya tuna wa likita abin da cunkoso ya mantar da shi.

Mai ciki da mai jego: yaushe ya dace?

Gwajin Pap ba ya zubar da ciki, ba ya kuma taɓa yaro, domin yaro na can cikin mahaifa, shafar kuwa a bakin ƙofa take. Duk da haka, ciki yakan canza kamannin bakin mahaifa har sakamako ya yi wuyar karantawa, kuma ko an ga ƙaramin canji, sai an haihu ake maganinsa. Saboda haka ga mai ciki da ba ta da wata alama, an fi so a yi gwajin tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Idan kuwa akwai alama, ko an taɓa samun matsala a gwajin baya, likita zai duba ki tun kina da cikin, ba a jira.

Lissafin mai sauƙi ne. Mako shida ya yi daidai da lokacin da kika gama arba'in, kuma shi ne lokacin dawowa asibiti a duba ki bayan haihuwa. Jariri ma ana kawo shi allurar rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14. Ki ɗaura niyya cewa kafin allurar mako 14 ta wuce kin yi naki gwajin. Idan wankan gida kika tafi wani gari, ki tafi da katinki, ki nemi gwajin a can, ko ki yi shi da zarar kin dawo ɗakinki. Shayarwa ba ta hana shi.

Tambayoyi huɗu da za ki yi

Matambayi ba ya ɓata. Ba rashin kunya ba ne ki tambayi likita, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba majiyyaci haƙƙin a yi masa bayanin lafiyarsa yadda zai fahimta. Idan ba za ki iya riƙewa ba, ki sa a rubuta miki a bayan kati:

1. “Likita, shekaruna kaza, haihuwata kaza, ba a taɓa yi mini gwajin bakin mahaifa ba. Lokacina ya yi?”

2. “Wane irin gwaji za a yi mini, a wane ɗaki, kuma nawa ne kuɗinsa?”

3. “Yaushe zan dawo karɓar sakamako, wa zan gani?”

4. “Idan lafiya ne, wace shekara zan sake yi?”

Idan likita ya ce lokacinki bai yi ba, ki nemi ya gaya miki dalili da shekarar da za ki dawo. Idan ba ku jin harshen juna, ki ce: “Sista, don Allah zo ki fassara mini.” Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, kina iya neman a tuntuɓi babban likitan sashen. Likita nagari ba ya fushi da wannan, domin tambayar na sama da shi tana cikin horonsa. Kina da damar neman mace ta yi miki gwajin idan akwai, ko a tsayar da nas mace a ɗakin, kina kuma iya cewa ba ki son ɗalibai su tsaya.

Ki faɗi shekarunki na gaskiya gwargwadon saninki, domin a kansu ake yin lissafi. Idan kina shan maganin ƙanjamau ki faɗa, sirri ne tsakaninki da likita, kuma shi ke sa a fara gwada ki da wuri.

Yadda ake yin gwajin

Ki zo lokacin da ba ki haila, kuma jinin biƙi ya ɗauke. Kwana biyu kafin ranar ki dakatar da saduwa, da matsi, da duk wani maganin cusawa ko wanke ciki da sabulu, domin suna ɓata sakamako. Za ki kwanta a rufe ki da zane. Za a sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa, sannan a shafa. Ba yanka, ba allura, ba ɗinki. Za ki ji ɗan matsi kawai, kuma cikin 'yan mintoci an gama.

Idan aka ce an ga HPV ko an ga canji, kada hankalinki ya tashi, wannan ba ya nufin kin kamu da sankara. Ana iya sake duba wurin da na'ura mai fitila da ke ƙara girman abu, a yanko ɗan nama ƙanƙani a auna. Maganin canjin farko shi ne a ƙona wurin da ɗumi, ko a daskarar da shi da sanyi, ko a yanke shi da siririyar waya mai lantarki. Bayan haka mace takan ga ruwa-ruwa na 'yan makonni, kuma ana dakatar da saduwa wajen wata ɗaya. Ba a cire mahaifa, kuma mace na ci gaba da haihuwarta. Sai dai wadda aka yi wa yankan waya ta sanar da likita idan ta sake samun ciki, don a ƙara sa mata ido.

Ko da an tabbatar sankara ce, idan tana matakin farko ana warkewa da tiyata, ko da gashin na'ura tare da magani. A asibitin Shika akwai sashen kula da masu cutar daji. Abin da ke raba mai warkewa da wadda ba ta warke ba, mafi yawanci shi ne lokacin da aka zo.

Alamomin da ba a jira da su

Duk abin da muka faɗa game da shekaru, na mace ce mai jin kanta lafiya lau. Wadda ke da ɗaya daga waɗannan alamomi, ko shekarunta nawa, ko tana da ciki ko babu, ta zo yanzu:

Zubar jini bayan saduwa.

Jini tsakanin haila da haila.

Jini bayan mace ta daina haila. Haila ba ta dawowa bayan ta ɗauke.

Ruwa mai wari ko mai haɗe da jini wanda ya ƙi jin magani.

Ciwon mara ko na baya da ya daɗe, tare da rama.

Ba kowane ruwa ba ne ciwon sanyi. Idan an ba ki maganin sanyi sau ɗaya, sau biyu, abin bai tafi ba, kada ki karɓi na uku sai an duba bakin mahaifar da ido. Ki ce: “Likita, ina so a duba ni, ba magani kaɗai ba.” Haka kuma jinin da ya ƙi ɗaukewa, wanda mata ke kira istihala, ki tambayi malami hukuncin ibadarki, amma dalilin jinin a asibiti ake gano shi. Jiƙe-jiƙe da saye-saye a kemis ba abin da suke ƙarawa sai ɓata lokaci.

Kada a manta da mama

Sankarar mama ita ce ta fi kowace yawa a tsakanin matan Nijeriya, kuma ita ma takan ɓuya a bayan ciki da shayarwa. Yana cikin aikin awon farko a duba mama, idan ba a duba ba ki tuna mana. Gaskiya ne yawancin ƙullutun da mai shayarwa ke ji taruwar nono ne ko ƙurji. Amma ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ko jini daga kan nono, ko kan nonon da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko fatar da ta koma kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa a hammata, duk sai an bincika. Hoton mama na na'urar sikanin ba ya cutar da ciki. Kada a ce miki “bari sai kin yaye”.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, izininka da kuɗin motarka su ne rabin wannan aiki. Samun HPV a jikin iyalinka ba shaidar cin amana ba ne. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru da dama ba a sani ba, kuma namiji ma yana ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, don haka ba abin zargin kowa ba ne. Idan mata biyu ko uku gare ka, kowacce da nata gwajin, na ɗaya ba ya isar wa ɗaya. Kuɗin gwaji bai kai ko kusa da kuɗin jinyar sankara ba, balle a zo ga maraicin yara.

Hajiya uwar miji, da ke Inna da kika zo zaman jego, ku ma wannan magana ta shafe ku. Daina haihuwa ko rasuwar miji ba ya cire mace daga haɗari. Ranar da kuka rako mai jego, ku tambaya a kan kanku.

'Yan matanmu kuwa sun samu abin da mu ba mu samu ba. A ranar 24 ga Oktoba, 2023 Nijeriya ta sa allurar rigakafin HPV cikin jerin alluran da gwamnati ke bayarwa kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma ta iso Jihar Kaduna a zagaye na biyu a watan Mayu na 2024. Allura ɗaya ce a dantse. Tun 2006 ake amfani da irinta a duniya, an yi wa miliyoyin yara, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Ba a yi wa mai ciki ita. Ki tambaya a wurin rigakafin yara na asibitin unguwarku. Wadda aka yi wa allurar ma, idan ta kai shekarun gwaji za ta yi, domin allurar ba ta rufe kowane irin HPV ba.

A taƙaice

Awon ciki ba ya maye gurbin gwajin bakin mahaifa. Idan kin kai shekara 30, ko 25 ga mai ƙanjamau, lokacinki ya yi. Ki ɗauko maganar tun a awo, a rubuta a katinki, ki yi gwajin bayan arba'in, ki karɓi sakamakonki, ki adana takardar tare da katin rigakafin yaro. Likitan da ke gabanki ya san ƙa'idar, ki taimaka masa ya tuna da ita. Idan kin gama karanta wannan, ki karanta wa abokiyar zamanki da maƙwabciyarki da ba ta iya karatu ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.